Jar Zumar Yayata

A layinmu, idan yaro ya tashi da tari, ko mai girki ta ƙone da man suya, ko diddige ya tsage har sa takalmi ya gagara, ƙofar yayata ake fara bugawa. Mai Zuma ake ce mata. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, ba na jin jikokinta ma sun san shi. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini, ko da yake yau furfura ta gama da kaina, ina da shagon ɗinki nawa na kaina, kuma babu mai taka ni a layin nan ya wuce lafiya. Ita ce mai haƙurin gidanmu. Ni Allah bai ba ni ba, kuma ban cika roƙo ba.

Sana'ar nan ba gadonta ta yi ba, a cikin kabad ta tsince ta. Mijinta kafinta ne, Allah ya jiƙansa, mutum mai kyan hannu da ɗan banzan tsoro. Wata shekara aka ba shi aikin kabad, ya haɗa, ya jingine shi a bayan shago yana jiran fenti. Kafin mai kabad ya zo ɗauka, wani ayarin ƙudan zuma ya riga shi tarewa. Kafinta ya buɗe ƙofar kabad ɗin da safe, ya ga abin da ya gani, ya yar da guduma, ya iso gida da takalmi ƙafa ɗaya yana cewa a kawo kananzir da ashana.

"Kabad ɗin mutane za ka ƙona?" in ji Yaya. A lokacin tana da goyo. Ta kwance yaron ta miƙa mini, ta yafa gidan sauro a ka, ta kunna tsumma a tsohon gwangwani don hayaƙi, ta fita. Da yamma sai ga 'yan dako sun ɗauko kabad ɗin a naɗe cikin zanin gado, suna tafiya a hankali suna addu'a, suka hau da shi saman rufin gidan.

Ƙudajen sun harbe ta a ranar, sun harbe ta washegari. Akwai lokacin da na shiga gaishe ta ban gane ta ba, fuska ta kumbura har idanu sun ɓace. Na ce, "Yaya, wannan wahalar ta mece ce? Ki sayi kaji mana kamar kowa." Ta ce kaza sai an ciyar da ita, waɗannan kuwa su ke fita nema su kawo mata. Haka ta dinga tambayar masu kawo zuma kasuwa, tana gwadawa tana ɓatawa, har ta gane halinsu. Kafinta ya riƙa ƙera mata amya irin ta akwatin katako, yana tsaye a gindin matakala, ita tana faɗo masa awo daga sama. Har ya koma ga Allah bai taɓa taka saman rufin nan ba. Da ya rasu, akwatunan nan ne suka ciyar da 'ya'yansa suka kai su makaranta.

Ɗakin zumarta ɗan ƙarami ne a gefen ƙofar shiga. Akwai kanta mai kwalabe, babban kwano mai murfi, cokalin katako, da farin ƙyallen tacewa wanda ni nake ɗinka mata. A nan take zama a kan kujera 'yar tsugune tana sauraron koke-koken jama'a. Mai tari, cokali ɗaya a ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami. Ƙaramar ƙuna, a fara sa wurin a ruwan sanyi ya huce, sannan a shafa zuma kaɗan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Mai faso da kaushi kuwa tana da haɗi na musamman, zuma da kakin saƙa da man zaitun, a shafa a sa safa. 'Yan mata kan zo suna murɗa yatsu, suna son abin da zai sa fuska ta yi fari. Sai ta ce musu zuma laushi take sa fata, ba ta canja wa mutum launin da Allah ya ba shi, in suna son fenti ga shago can a bakin titi.

Abin da take hanawa ma ya kusa fin abin da take bayarwa. Jaririn da bai shekara ba, ko uwarsa za ta yi birgima a ƙasa, ba ta ba shi ko ɗigo. Mai ciwon sukari sai ya je ya ji ta bakin likitansa. Wata rana wani magini ya zo yana ɗingishi, ƙusa ta shige masa ƙafa, yana so a ɗan shafa masa.

"Ɗan'uwa, zumata ba allura ba ce. Tashi ka tafi asibiti," in ji ta.

"Ai layin asibiti tsawo gare shi, Mai Zuma."

"Ƙafar taka ma tsawo gare ta. So kake a rage maka ita?"

Yaya ba ta da gwal, ba ta da fili, kayan sawarta ma in ban matsa mata ba sai su tsufa a jikinta. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya, shi ne ba ta taɓa gauraya zumarta da komai ba. A garin da ake dafa sukari ya yi ja a ɗura a kwalba a ce zuma ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita ke hawa, ita ke ciro saƙa, ita ke tacewa, ita ke ɗurawa. Ni da muka fito ciki ɗaya, mazurari ma ba ta bari in riƙe mata. In ta ce maka tsantsa ce, to tsantsa ce, kuma a kan wannan maganar kaɗai mutane ke ɗura wa 'ya'yansu abin da ta ba su.

Babbar mai sayenta ita ce mai shagon gyaran gashi na bakin layi, wadda ake kira Lasifika. Ba sai na faɗi dalilin sunan ba. In tana ba da sirri a shagonta, ina jinsa a nawa, ga keken ɗinki yana aiki. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Ita ke haɗa zumar Yaya a abin gyaran gashi da na fuska, kuma bakinta ne ya kai sunan Yaya unguwannin da ba mu taɓa zuwa ba. Sai dai bakin nan ba shi da birki, kuma ba ya tambaya kafin ya tashi.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya makara, itatuwa suka ƙi yin fure. Yaya ta riga ta cire rai da samun zumar kirki. Amma da ta hau ta ɗaga akwatunan, sai ta ji su da nauyi fiye da kowace shekara. Ta sauko tana murna, tana cewa Allah ya buɗe wa 'ya'yanta wata ƙofa, don 'ya'yanta take kiran ƙudajen. Da ta tace, zumar ta fito da ɗan ja-ja. Wannan bai dame ta ba, domin launin zuma furen da aka tsotsa yake bi, wata fara, wata kamar shayi, wata baƙa. Ga shi mura ta kama ta a makon, hanci ya toshe. Ta ɗanɗana ta ji zaƙi, ta ɗura ta sallami jama'a. Ta zargi 'yan kasuwa a rayuwarta, ta zargi masu kwalabe, amma bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa za a wayi gari ta binciki abin da ta ciro da hannunta daga amyarta.

Ina cikin yanka wani yadi da hantsi na ji muryar Lasifika ta cika layin.

"Jama'a ku fito ku gani! Ku zo ku ga tsantsar zuma!"

Na leƙo. Tana tsaye a tsakiyar titi, gaban ƙofar Yaya, kwalba a hannu ɗaya, farin tawul a ɗayan. Tawul ɗin ya rine ya koma ruwan hoda. Wai ta shafa wa wata mata a fuska, da ta goge sai ga launi, matar kuma ta ce ita ƙamshin alewar yara take ji.

"Shekara da shekaru ina tallata ta, ashe sukari da kala ake ɗura mana! Tsufa ya zo, kwaɗayi ya biyo shi!"

Ban san lokacin da na cire awon ɗinki daga wuyana na ɗaure ɗankwali a ƙugu ba. Na ce mata ta maimaita in ta isa. Ana rirriƙe ni sai Yaya ta fito. Murar ta sake ta a lokacin. Ta karɓi kwalbar, ta shinshina, ta sa yatsa ta lasa. Ina kallon fuskarta, ina jira ta wanke matar nan tas.

"Gaskiyarta," in ji Yaya. "Akwai sukari a ciki. Akwai kala."

"To wa ya sa?" wani ya tambaya daga baya.

"Ban sani ba."

Aka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Mutanen da ta yi wa jinyar 'ya'ya, matan da suka taka ƙasa da diddige mai santsi saboda ita, su ne suka yi dariya.

A ranar ta bi gida-gida ta karɓo duk abin da ta sayar, ta mayar wa kowa haƙƙinsa. Na ce mata wannan ai amsa laifi ne. Ta ce abin da ba ta san mene ne ba, ba zai kwana a cikin ɗan kowa da sunanta ba. Daga nan ƙofarta ta yi tsit. Masu tari suka riƙa wucewa ta gabanta da kai a sunkuye zuwa kantin magani. Wasu suka ce tsohuwa ta lalace, wasu masu tausayi suka ce a'a, ƙanwar nan tata mai baki ce ta zuba. Wannan ya ma fi mini daɗi, don aƙalla ya ba ni waɗanda zan zaga. Ita kuwa ta daina cin abincin kirki. Takan zauna a ɗakin zuma ta zuba wa kwanon ido, ta rame har zaninta yana kwancewa.

Wata safiya ta aiko a kira ni. Na tarar ta sauko da saƙa guda daga sama, wadda ƙudajen suka riga suka toshe bakin ramukanta da kaki. Ta sa wuƙa ta fasa a gabana, sai ga ja yana tsiyayowa.

"Auta, kalli nan. Wannan rufin ba hannun mutum ba ne. Su suka kawo shi, su suka rufe."

Na fizgi saƙar na nufi shagon gyaran gashi, ina jin yau za a yi ta ta ƙare. Lasifika ta duba, ta taɓe baki.

"To sai me? An ce masu kiwon zuma na ajiye musu ruwan sukari su sha, don amya ta cika da wuri. Ta ba su a sama inda ba mai gani, su kuma suka zuba mata. Duk ɗaya ne."

Na dawo na faɗa wa Yaya abin da Lasifika ta ce. Yaya ta ce matar ba ta yi ƙarya ba, akwai masu yin haka. Ta ce tunda ba ita ta ba su ba, to akwai inda suke samowa, kuma sai ta ga wurin da idonta.

Sai ta koma zaman saman rufi. Tun rana ba ta yi zafi ba take hawa, ta zauna a gefen akwatunan tana kallon inda suke dosa in sun fito. Ta san hanyarsu tun da daɗewa, gabas suke yi wajen lambuna. Amma yanzu da sun tashi sai su yi yamma, su bi ta kan rufin kwano zuwa unguwar makanikai, inda babu ko bishiya ɗaya sai baƙin mai da tsofaffin tayoyi. Ta sauko ta ce in zo mu bi su.

Duk wanda bai ga tafiyar nan ba ya yi asarar kallo. Tsohuwa tana tafe kanta a sama, hannu a goshi, ni ina riƙe da gwiwar hannunta ina janye ta daga kwata da gaban babura. Ta yi karo da teburin mai lemo, ta taka wutsiyar kare. Mutane suka fara cewa abin ya taɓa mata kai. In ƙudajen sun ɓace mana, sai mu tsaya a inuwa har wani ya gifta, mu ci gaba. Ranar farko a wajen masu walda muka rasa su. Washegari daga nan muka ɗora. Ƙafafuna suka kumbura, ɗinkin mutane yana jirana, ina tafe ina mita, ita ko kallona ba ta yi.

Hanci ne ya ƙarasa mana aikin. A wani lungu bayan garejin gyaran motoci muka ji ƙamshi mai zaƙi, irin na tawul ɗin nan. Muka zagaya, sai ga bayan wani sabon shago da ake yin alewa da ƙanƙarar yara. An jera durom-durom a rana ana jiran wanki, kowanne da ragowar jan ruwan sukari a gindinsa, ba murfi. Bakin kowane durom ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma.

Yaya ta tsaya, ta dafa bango, ta ce, "Ku kuma? Ni za ku yi wa haka?"

Mai alewar ya fito, wani gajeren mutum da hular leda a ka, idonsa ɗaya a kumbure. Ya tambaye mu ko lafiya. Yaya ta ce ƙudajen take kallo, tana jin nata ne.

"Naki ne?" Ya cire hular ya buga da ƙasa. "Ashe suna da uwa! Baiwar Allah, tun da na buɗe wurin nan ɓarayin nan ba su bar ni na huta ba. Ma'aikacina ya gudu. Kalli idona!"

Na ce masa ya kalli durom ɗinsa tukuna, wa ya ce ya bar su a buɗe? Muka fara sama-sama, Yaya ta raba mu. Ta yi masa bayanin abin da sharar shagonsa ta jawo mata, jikin mutumin ya yi sanyi. Ya ce shi ma uwarsa da sana'ar hannu ta rene shi, duk abin da ake so ya yi zai yi.

Ni so nake in ruga in kwaso mutanen layi a lokacin. Yaya ta riƙe ni.

"In sun zo za su ce ƙudan zuma ai ko'ina akwai shi, wa ya ce nawa ne? Ba a rubuta sunana a bayansu ba."

"To rubutawa za ki yi?"

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar tawul. Ta ce in sun shiga fure sukan dawo jikinsu duk gari rawaya, kuma ba ya hana su tashi. In fure zai iya shafa musu hoda, ita ma za ta iya. Ta ce in saya mata fulawa a hanya, in kuma aro mata rariya mai laushi.

Ni aka aika in gayyato Lasifika, kuma na yi ƙoƙari ban zage ta ba. Ta ce za ta zo, don ita ba ta tsoron gaskiya. Da hantsi washegari ta iso bayan shagon alewa da rakiyar matan shagonta, har da wata da aka tsefe wa rabin kai. Magini ya zo, mai lemo ya zo, makanikai suka fito da sifana a hannu. Aka tsaya nesa kaɗan da durom ɗin. Na ce kowa ya duba da kyau, ƙudajen nan duk baƙaƙe ne da ruwan ƙasa, ko akwai mai ganin fari? Aka ce babu. Na kira Yaya a waya, tana can saman rufinta ita kaɗai da rariya, tana jiran ta fara barbaɗa fulawa a kan ƙudajen da ke fita daga amya, na ce, "Bismillah."

Ta ce, "Na fara." Ta kashe wayar.

Muka zuba ido. Rana tana dukanmu, ba abin da ya canja. Ƙudaje na sauka, suna tashi, duk baƙaƙe. Wani bakanike ya yi hamma ya koma aikinsa. Lasifika ta gyara tsayuwa ta fara cewa ita fa ta bar mata a ƙarƙashin na'urar busar da gashi. Na fara tunanin in iska ta kaɗe fulawar a hanya fa? In ba nata ba ne fa? Da wane ido yayata za ta sake fitowa ƙofar gida? Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba.

Matar nan mai rabin tsifa ce ta fara gani.

"La! Ga wani fari can!"

Ya sauka a bakin durom na tsakiya, fari fat, yana goge fuska da ƙafafunsa. Kafin a gama nuna shi, wani ya sauka a gefensa. Sai ga su nan suna ta zuwa daga gabas ta kan rufin gareji, farare, wasu rabi da rabi, suna barin ɗigon gari a kan jan ruwan. Mai alewa ya yi tsalle yana ihu, "Ga su nan! Ɓarayin sun sako fararen kaya!" Makanikai suka dinga buga sifana a jikin ƙarfe. Magini yana ta cewa shi dama ya sani, alhali da kunnena na ji dariyarsa ran nan. Ni kuwa na ma rasa abin yi, sai na kama rawa a cikin baƙin mai, da tsufana da komai.

Na juya in ga Lasifika. Tana tsaye, hannu a baki. Tun da na san matar nan ban taɓa ganin ta yi shiru ba sai ranar.

Gaba ɗaya muka ɗunguma zuwa gida. Muka tarar Yaya ta sauko tana zaune a gindin matakala, gira da hanci duk fulawa, rariya a cinya. Ba ta tambaye mu ba, fuskata ta kalla ta gane. Lasifika ta matsa kusa, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya iyakar iyawarta.

"Yaya Mai Zuma, na ɗauki alhakinki. Ki yafe mini."

"Na yafe miki tun ranar, ƙanwata. Kwalbar da kika kawo ba ta da kyau, kuma da kin yi shiru da yara sun ci gaba da sha." Ta kakkaɓe rariyar. "Amma ba a nan kika faɗa ba. Kuma ba da wannan muryar ba."

Lasifika ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta fita tsakiyar titi. Ta ja numfashi.

"Jama'a ku fito ku ji! Ni ce na ce Mai Zuma ta zuba sukari! Ƙarya na yi mata! Ƙudajenta ne suka je sata shagon alewa, da idona na gan su! Matar nan hannunta tsarkakakke ne!"

Ta faɗa ta fuskanci gabas, ta juya ta faɗa ta fuskanci yamma. An ce har masu jiran mota a babban titi sun ji. Ranar ce kaɗai na gode wa Allah da ya yi mata wannan maƙogwaro.

Jar zumar, Yaya ta sa aka kai wa mai alewa duka, ta ce kayansa ne ta dawo masa da su. Shi kuma ya sayi murafe ya rufe durom ɗinsa, ya koma wanke su a cikin shago. Ta kwashe duk jar saƙar da ta rage a akwatunan, ta bar ƙudajen su fara daga farko.

Da la'asar mutane suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da 'yar kunyarsa, kowa da kwalba a hannu. Yaya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Babu zuma," in ji ta. "Ko cokali ɗaya ba ni da shi. Sai ruwa ya sauka, itatuwa sun yi fure, sun tara, sannan in duba. Da sauran watanni. Akwai masu sayarwa a kasuwa, ku je can."

Ba wanda ya motsa. Sai wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta matso, ta ajiye kwalbarta a kan dakalin ƙofar, ta ce, "Ta kasuwa su sha abarsu. In ta samu ki zuba mini a nan." Ta juya ta tafi. Magini ya ajiye tasa kusa da ita. Matar mai rabin tsifa ta ajiye. Kafin rana ta faɗi dakalin ya cika, aka fara jerawa a ƙasa a jikin bango, manya da ƙanana, wata da murfi, wata an toshe ta da leda, ba komai a cikin ko ɗaya.

Yaya ta daɗe tana kallonsu. Na ga kafaɗarta tana motsi, na matso zan dafa ta. Ta juya mini baya da sauri, ta sa gefen mayafi a fuska.

"Tsayuwar me kike yi, Auta?" in ji ta. "Ɗauko ruwan zafi da sabulu. Ba zan zuba zumata a kwalba mai datti ba."